Tiyatar rage ƙiba da ciwon sukari: tambayoyin da ake yi mini a Damagaram

Tun da gwaggota ta dawo daga waje da tumbin da bai fi girman ayaba ba, gidanmu ya zama wurin tambaya. Mata na zuwa yi mata barka da dawowa, bayan wata shida sai su ga matar da suka sani tana cika kujera ta zube, kuma su ji cewa allurar insulin da ta yi shekara huɗu tana soka wa kanta safe da yamma ta ajiye ta. Ita ba mai son dogon bayani ba ce. Sai ta ce, "Ku tambayi ɗana, shi ya yi jinyata, takardun ma suna hannunsa." Aikin jinya nake yi, kuma na raka ta tun daga awon farko har zuwa yau. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini, a zaure, a fada, har a bakin masallaci. Abin da na rubuta zai taimake ka ka san abin da za ka tambayi likitanka, shi kuwa hukuncin jikinka yana wurin wanda ya duba ka.

Wai da gaske ne aiki a ciki yana maganin ciwon sukari?

Da gaske ne, amma ga nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, wanda jiki ke yin insulin amma ya daina jin maganarsa. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa domin jikinsu ya daina yin insulin gaba ɗaya, tiyata ba ta raba mutum da allura.

Ba don sukari aka ƙirƙiri aikin ba. Wani likitan fiɗa mai suna Edward Mason, a jami'ar Iowa ta Amurka, ya fara karkatar da hanyar abinci a 1966 don rage wa masu matsananciyar ƙiba nauyi. Daga baya likitoci suka riƙa lura da wani abin mamaki: masu ciwon sukari daga cikinsu, sukarinsu na sauka cikin ƴan kwanaki, tun suna gadon asibiti, kafin su rage wani nauyin a-zo-a-gani. A 1995 Walter Pories ya fitar da sakamakon mutum 608 da ya bi diddiginsu har shekara 14, ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukarin cikinsu awonsu ya koma daidai.

Masu shakka suka ce sai an gwada kafaɗa da kafaɗa da magani. An gwada. A asibitin Cleveland Clinic, Philip Schauer da abokan aikinsa suka raba mutum 150 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu magani kaɗai mai tsanani, wasu magani da aikin ratse, wato karkatar da hanyar abinci, wasu magani da yanke tumbi. Bayan shekara 5, a 2017, waɗanda awon sukarinsu na wata uku, wato awon da ke nuna matsakaicin sukarin jini a watanni ukun da suka wuce, ya sauka zuwa 6 ko ƙasa da haka su ne kashi 5 cikin 100 a ɓangaren magani kaɗai, kashi 29 a ɓangaren ratse, kashi 23 a ɓangaren yanke tumbi. A 2016 ƙungiyoyin likitoci 45 na duniya suka amince a sanya tiyata cikin hanyoyin maganin ciwon sukari nau'i na biyu, bayan taron da aka yi a Landan a 2015.

Ka sake duba alƙaluman nan. Tiyata ta fi magani nesa ba kusa ba, amma ko a ɓangaren da ya fi kowa, mutum bakwai cikin goma ba su kai wannan matakin ba.

Mene ne ake yankewa?

Iri biyu aka fi yi. Na farko likitoci na ce masa siliv, ma'ana hannun riga. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu mai kamar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Wannan aka yi wa gwaggo.

Na biyu shi ne baifas, ni ina ce masa aikin ratse. Ana ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai fi ƙwai ba, a yanko ƙaramin hanji a jona shi da aljihun, sai abinci ya ratse sauran tumbin da farkon hanji. Ya fi ƙarfi a kan sukari, kuma ya fi dacewa da mai fama da ƙwannafi, amma ya fi hana jiki tsotsar sinadarai.

Duka biyun ba a tsaga ciki. Ana huda ƙananan ramuka huɗu ko biyar, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, mutum na cikin barcin allura. In komai ya tafi daidai, kwana biyu zuwa uku ake yi a asibiti. Kuma kada a haɗa wannan da zuƙe kitse da ake yi don gyaran sura. Zuƙe kitsen da ke ƙarƙashin fata ba ya taɓa ciwon sukari.

Mene ne haɗin tumbi da sukarin jini?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin amsarta ce ke sa mutum ya gane ciwon kansa.

Akwai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas, ita ke yin insulin. Insulin kamar makulli ne da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In kitse ya taru a hanta da cikin ita wannan gaɓar, sai abu biyu su faru: ƙofofin su yi tsatsa, makullin ya daina buɗe su da sauƙi, ita kuma gaɓar ta gaji da ƙera makullai. Hanta mai kitse kuma sai ta yi ta zuba sukari cikin jini ko da dare, shi ya sa wani zai kwana bai ci komai ba, da safe awo ya nuna masa sukari ya hau har giram 2. Bayan tiyata abincin da ke shiga ya ragu ƙwarai, kuma kitsen hanta ne ke fara narkewa, cikin ƴan kwanaki. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, hanji ba bututu ne kawai ba, yana aika saƙo. Akwai wani sinadari da ƙarshen ƙaramin hanji ke fitarwa in abinci ya iso shi, sunansa GLP-1. Shi ke gaya wa fankiriyas ta saki insulin, ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Bayan aiki abinci na isa can da wuri, sai sinadarin ya yi ta fita ninkin ba ninkin. Sannan ɓangaren tumbin da ake cirewa a siliv shi ne ya fi yin sinadarin yunwa, girelin. Shi ya sa gwaggo a watannin farko sai an tuna mata da abinci.

Likita Francesco Rubino, ɗan Italiya, ya gwada wannan a 2004 a kan ɓeraye masu ciwon sukari waɗanda ba su da ƙiba. Ya karkatar da abinci daga farkon hanjinsu ba tare da rage musu tumbi ba, sukarinsu ya gyaru. Tun daga nan aka daina kallon abin a matsayin rage ƙiba kaɗai.

To warkewa ake yi ke nan?

A nan nake roƙon mutane su canza kalma. Ciwon lafawa yake yi. Likitoci sun yi ittifaƙi a 2021 cewa za a ce ya lafa in awon wata uku ya tsaya ƙasa da 6,5 har aƙalla wata uku bayan an daina shan duk wani maganin sukari. Sun guji kalmar warkewa da gangan, domin yana iya dawowa.

A Suwidin akwai binciken da aka fara tun 1987, ana bin mutum wajen 4000, rabi an yi musu aiki, rabi ba a yi ba. Cikin masu ciwon sukari da aka yi wa aiki, kashi 72 cikin 100 ciwonsu ya lafa bayan shekara 2. Da aka kai shekara 15, saura kashi 30. A wani gwajin da aka yi a Roma da mutum 60, bayan shekara 10 mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa ratse ne ciwon bai dawo musu ba.

Gwaggo ta yi shekara biyu da rabi ba ta shan komai. Ranar da awon wata uku ya nuna 6,9, likita ya mayar da ita kan maganin sukari na metformin, ƙwaya ɗaya. Muna fitowa ta zauna a kan benci ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Ɗana, filina na sayar, ashe a banza?" Na ɗauko tsohon littafin awonta daga jaka na buɗe mata shafin da ke nuna 11, lokacin tana allura sau biyu da ƙwayoyi iri biyu, ƙafafunta na zafi da dare kamar an zuba barkono. Na ce, "Gwaggo, dubi nan, ki dubi na yau." Ta daɗe tana kallon shafin kafin ta miƙo mini.

Ba lallashi nake yi ba. Binciken Suwidin ɗin ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi tsira daga lalacewar ido, ƙoda da jijiyoyi. Kowace shekara da jini ya yi ba tare da sukari ya yi masa yawa ba, riba ce ga ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san darajar wannan.

Waɗanda ciwonsu ya fi daɗewa a lafe su ne waɗanda bai jima a jikinsu ba, waɗanda ba su kai ga insulin ba, da masu sauran ƙuruciya. Wanda ya shekara 15 da ciwon, fankiriyas ta riga ta gaji, zai samu sauƙi, amma kada a yi masa alkawarin rabuwa da magani.

Wa ya cancanci a yi masa?

Ana duba wani lissafi da za ka gani a takardun asibitinmu da haruffan IMC. Ka ɗauki tsawonka da mita ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1,65 da kilo 100: 1,65 sau 1,65 ya ba da 2,72, in aka raba 100 da shi ya kusa 37. Namiji mai mita 1,70 da kilo 90 yana kan 31.

Ƙa'idar 2016 ta ce daga 40 zuwa sama a ba mai ciwon sukari shawarar aiki kai tsaye. Daga 35 zuwa 39,9 a ba shi shawarar in magani da gyaran abinci sun kasa. Daga 30 zuwa 34,9 ana iya dubawa in sukarin ya ƙi jin magani har da allura. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce mai ciwon sukari nau'i na biyu daga 30 ya shiga layi.

Amma a ƙasarmu masu ciwon sukari da yawa ba su da ƙiba. Za ka ga dattijo siriri kamar sanda, sukarinsa giram 3. Wannan aikin ba nasa ba ne, kuma duk wanda ya ce zai yi masa, kuɗinsa yake so. Haka mai ciki, da mai shaye-shaye da bai daina ba, da mai taɓin hankalin da ba a shawo kansa ba, da wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki allurar barci ba. Mai shan taba sai ya bari tun makonni kafin aiki.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Ƴan mata da amare da ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki, da yawan ƙwayoyin nan deksametazon ne, kuma yana tayar da sukari da hawan jini. In kina sha, ki gaya wa likita tun kafin a fara maganar tiyata, kada kuma ki yanke shi rana ɗaya in kin daɗe a kansa, janye shi ake yi sannu a hankali.

Ana mutuwa?

Ana mutuwa, amma ba kasafai ba. A cibiyoyin da suka ƙware, mutum ɗaya zuwa uku cikin 1000 ne ke rasa ransa, kusan daidai da aikin cire matsarmama. Wannan lissafin na ƙwararru ne masu yin aikin kullum, ba na kowa ba.

Abin da aka fi tsoro a makonnin farko shi ne ɗinki ya yi yoyo, ko zubar jini, ko jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. Alamar yoyo ta farko sau da yawa bugun zuciya ne ya wuce 120 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, ciwon ciki ko kafaɗar hagu, da numfashi sama-sama. A garinmu duk zazzaɓi sunansa zazzaɓin cizon sauro. Wanda bai yi wata guda da aiki ba, in ya yi zazzaɓi, kada a tsaya sayen magani a tebur, a kai shi wurin likitan fiɗa a daren, a gaya masa irin aikin da aka yi.

Daga baya kuma akwai tsakuwar matsarmama saboda saurin ramewa, ƙwannafi mai tsanani bayan siliv, gyambon ciki ko murɗewar hanji bayan ratse. Gashi na zubewa tsakanin wata na uku da na shida, sannan ya dawo. Fatar ciki da damtse tana saki.

A ina ake yi, kuma nawa ne?

Waɗanda na sani da aka yi wa, waje suka fita: Tunisiya, Masar, Turkiyya, Indiya. In ka haɗa aikin da jirgi da masauki da ɗan rakiya, maganar miliyoyin sefa ake yi. Sai dai kuɗin zuwa ba shi ne abin da ya fi damuna ba.

Kafin mu yanke shawara, wani dillali ya riƙa turo wa gwaggo saƙo ta WhatsApp, da hotunan mata kafin aiki da bayansa. Ya ce kwana biyar an gama komai, har da yawon buɗe ido. Na tambaye shi wa zai duba ta in ta dawo Zinder. Ya ce ba ta buƙatar kowa. Daga nan na goge lambarsa, domin wannan amsar kaɗai ta ishe ni sanin ko shi wane ne.

Likitan da ya yi maka aiki yana can bayan hamada da teku. Kai kana nan, tsakaninka da Yamai kusan kilomita 900. Saboda haka tun kafin ka sayi tikiti, ka samu likita a nan, a babban asibitin ƙasa na Zinder ko inda kake zuwa awo, wanda ya yarda zai riƙe ka bayan ka dawo. Ka tambayi masu aikin sau nawa suke yin irinsa a shekara, da abin da za su yi in ɗinki ya yi yoyo, da wanda zai biya. Kada ka hau jirgin dawowa da gaggawa, zaman jirgi na ƙara haɗarin daskarewar jini. Kuma kada ka baro su sai da cikakken rahoton aikin a rubuce, da Faransanci in zai yiwu, domin shi likitocinmu za su karanta ranar da ka zo musu da ciwon ciki tsakar dare.

Yaya cin abinci yake komawa?

Mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romo da aka tace, madara ko nono marar sukari. Sai mako biyu na abin da aka dama ya yi laushi, sannan mai taushi, kafin a koma abincin gida wajen mako shida zuwa takwas. Tumbin da a da yake ɗaukar fiye da lita, yanzu ƙaramin kofin shayi biyu ya cika shi.

Tunda wurin kaɗan ne, abin da ke gina jiki ake fara sa wa: ƙwai, kifi, kaza, wake, awara, kindirmo, nama mai laushi da aka tauna sosai. Ana son aƙalla giram 60 na furotin a rana. Bayansa ganye, irin su zogale da rama da kuɓewa. Tuwo da shinkafa da taliya su ne na ƙarshe, loma biyu ko uku. Wannan ya juya kwanonmu ne gaba ɗaya, mu da muka saba tuwo ne abinci, miya rakiya. Kilishi da busasshen tsire suna wahalar wucewa a watannin farko. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar rabin awa tsakani.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu ba tuwo ba ne, abin sha ne. Fura da sukari, kunu mai zaƙi, lemun kwalba, shayin fada zagaye uku: duk suna zarcewa ta ƙaramin tumbi ba tare da an ji ƙoshi ba. Mutum zai iya mayar da duk nauyin da ya rage da ludayi. Ga wanda aka yi wa ratse kuwa, zaƙi na iya kayar da shi nan take, minti 10 zuwa 30 bayan ya sha sai zufa, bugun zuciya, jiri da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas.

Akwai kuma nauyin idon jama'a. Bikin farko da gwaggo ta je bayan aiki, a Birni, aka ajiye musu tire na shinkafa da nama, ga alkaki a gefe yana ƙyalli. Ta ɗauki tsoka ɗaya ta yi ta taunawa, ta kai loma biyu, ta janye hannu. Uwar amarya ta ce, "Haba Hajiya, ko abincin namu ne bai yi miki ba?" Kafin la'asar magana ta zaga cewa wani mugun ciwo ke cin ta, wasu suka ce sammu ne. A wurin da ƙiba ke nufin hutu da miji mai kula, ramewa sai ta zo da bayani. Gwaggo ta zaɓi ta faɗi gaskiya ga kowa, kuma na ga hakan ya fi mata sauƙi a kan ɓoyewa.

Zafin garin nan fa, da azumi?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma mai ƙaramin tumbi ba zai iya kafa kai ya shanye moɗa ba. Dole ya yi ta kurɓa daga safe har dare, ya kai aƙalla lita ɗaya da rabi, a bazara fiye da haka. Gora ba ta barin hannunsa. In kana da zaɓi, ka sa aikin ya faɗo lokacin sanyi. Fitsari ya yi ja, ko jiri in an miƙe, alama ce ta ruwa ya yi ƙaranci.

Azumi kuwa, likitoci kan hana shi a shekarar farko, domin tsakanin magariba da asuba ba za a iya shigar da ruwa da abincin da jiki ke buƙata ba. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, ka tambayi malaminka yadda za ka rama ko ka ciyar. Bayan nan da yawa suna azumi lafiya. A buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan da dabino ɗaya, a dakata, sannan a ci mai gina jiki. Kofin kunu mai sukari a kan tumbin da ya wuni a bushe shi ne abin da ke kwantar da mutum kafin isha'i.

Ƙwayoyin bitamin ɗin har yaushe?

Har ƙarshen rayuwa. Wanda ba zai iya wannan ba, don kuɗi ko don hali, gara kada a yi masa aikin.

Tumbi da farkon hanji su ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin B12. In an rage su, sai an cike gurbin da ƙwayoyi kullum, B12 kuma galibi allura duk wata uku. Ana awon jini a wata na 3, na 6, na 12, daga nan duk shekara. Matanmu da yawa dama jininsu bai cika ba saboda haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, don haka a gyara wannan tun kafin aiki.

Na ga wani magidanci da aka kawo, ya shekara uku da aiki, ya daina shan komai tun da guzurin da ya zo da shi daga waje ya ƙare, domin yana jin garau. Ya zo yana tafiya kamar mai taka auduga, takalminsa na saɓulewa bai sani ba. Ƙarancin B12 ne ya taɓa masa jijiyoyi. An yi masa allurai, ya samu sauƙi, amma yatsun ƙafarsa ba su dawo daidai ba.

Abokan aikina kuma ga tunatarwa: wanda aka yi wa irin wannan aikin in ya zo yana ta amai kwana da kwanaki, a ba shi bitamin B1 kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari, in ba haka ba ana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shi kuma majinyacin ya yi ban kwana da ibuprofen da diklofenak da ake sayarwa a kan tire a kasuwar Dole da tasha, suna huda gyambo a wurin ɗinki. Parasetamol ya ishe shi.

Mace mai son haihuwa za ta iya?

Za ta iya, har ma wadda ƙiba ta hana ta ɗaukar ciki takan samu bayan ta rage. Sai dai ta jira wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki ke zubewa ba lokacin rainon ciki ba ne. Bayan ratse ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abin dogaro ba ce, a nemi ashanar hannu ko robar mahaifa. A yi maganar da maigida tun kafin tafiya.

Ba canza halittar Allah ba ne?

Malamai sun bambanta abin da aka yi don ƙawa da abin da aka yi don magani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah su nemi magani. Wanda sukari ke barazana ga idonsa da ƙodarsa, magani yake nema.

Babu wata hanyar da ba sai an yanka ba?

Akwai, kuma ga yawancin mutanen garin nan ita ce a kusa. A Birtaniya, Roy Taylor da Mike Lean sun gwada abinci mai tsananin ƙaranci, wajen kalori 850 a rana na wata uku zuwa biyar, ga waɗanda ciwonsu bai wuce shekara shida ba. A sakamakon 2017, kashi 46 cikin 100 ciwonsu ya lafa bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86. Bayan shekara biyu saura kashi 36, domin riƙe nauyin ya fi sauke shi wuya. Mai shan ƙwayar maganin sukari ta glibenklamid ko mai allurar insulin kada ya fara irin wannan shi kaɗai, sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma.

Sai alluran mako-mako irin su Ozempic da Mounjaro, waɗanda ke kwaikwayon saƙon hanjin nan da na ambata. Suna sauke sukari da nauyi sosai. Amma suna da tsada, ana ajiye su a firij a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kuma in an daina nauyin na dawowa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe, don haka wanda aka tallata maka a waya ka bar shi.

Masu lasifika da ke yawo da garin magani suna cewa kwana bakwai sukari ya tafi, su kam na ga ƙarshen aikinsu a ƙafafun da aka yanke.

Ina son in duba ko ya dace da ni. Da me zan fara?

Da awo, a nan gida. Ka auna nauyi da tsawo ka fitar da IMC. Ka yi awon sukari da safe kafin karin kumallo, wanda daga giram 1,26 ake kiransa ciwo, da awon wata uku. In kana da sikila ko ƙarancin jini ka faɗa, domin suna sa awon wata ukun ya yi ƙarya. A duba hawan jini, ƙoda, hanta da zuciya. A nemi ƙwayar cutar nan ta gyambon ciki, wadda ta yi yawa a cikinmu, a kashe ta kafin a taɓa tumbi. In kana minshari har numfashi na ɗaukewa, matarka ta fi ka sani, ka tafi da ita.

Ka je wurin likitan ido ya leƙa bayan idonka. Saukar sukari da sauri na iya tsananta lalacewar da ta riga ta fara a can, kuma in an gano ta da wuri ana yi mata magani kafin aiki.

Sannan ka zauna da takarda ka lissafa kuɗin bitamin da awon jini na shekara guda, ka ninka sau goma, ka ɗora a kan kuɗin tafiyar. Da wannan jimlar za ka je wurin iyalinka.